Daga Ghulam Zuwa Sadr: Sunayen Ghulam Ishaq Khan da Sunayen Kujerunsa

Mutum biyu masu suna Ghulam sun taɓa hawa kujera mafi girma a Pakistan, kuma dukansu ma'aikatan gwamnati ne da suka yi furfura a kan fayil da lissafin kuɗi kafin su kai can. Na farko, Malik Ghulam Muhammad, Gwamna Janar daga 1951 zuwa 1955, shi ya sallami firaminista Khawaja Nazimuddin a 1953, ya kuma rushe majalisar da ke tsara kundin mulki a 1954. Na biyu, Ghulam Ishaq Khan, shugaban ƙasa daga 1988 zuwa 1993, ya kori gwamnatin Benazir Bhutto, kafin a cika shekara uku ya kori ta Nawaz Sharif. Kalmar ghulam kuwa, a bakin mutanen ƙasar, bara take nufi, wani lokaci ma bawa. Duk wanda ya bi sunan wannan dattijo na biyu kalma-kalma, sannan ya bi sunayen muƙaman gidan da ya yi wa aiki shekara 53, zai tarar yawancinsu na ƙanƙan da kai ne: bara, mataimaki, magatakarda, muƙaddashi. Ikon da ke ƙarƙashin sunayen ne ya yi ta ƙasaita har ya fi ƙarfin waɗanda jama'a suka zaɓa.

A Larabci asalin ma'anar ghulam yaro ne, saurayi ɗan tasowa. Da wannan kalma Alƙur'ani ya ambaci ɗan da mala'iku suka yi wa Annabi Ibrahim bushara da shi a Suratul Hijri da Suratuz Zariyati, ɗan da malaman tafsiri suka ce Ishaƙa ne, wanda mu muke kira Isiyaku ko Isyaka. Da kalmar ta shiga Farisanci, daga can ta shiga Urdu da Pashto, sai ma'anar hidima ta rinjaya, har ghulami ya zama sunan bauta, kuma da shi ake kiran zaman da aka yi a ƙarƙashin Turawa. Iyaye a Pakistan sukan haɗa ta da sunan wani annabi ko babban bawan Allah: Ghulam Muhammad, Ghulam Nabi, Ghulam Rasul, Ghulam Ali. Abin nufi, yaron nan hadimin wannan mai daraja ne. Ghulam Ishaq ke nan baran Annabi Ishaƙa, suna na tawali'u da neman albarka, irin yadda Bawa a wajenmu yake gajarta Bawan Allah.

Sai dai a tarihin mulkin Musulmi ghulam ba ƙaramin mutum ba ne. Tun zamanin halifa Mu'utasim na Abbasiyawa, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, sarakuna suka riƙa sayen samarin Turkawa, su horar da su, su damƙa musu rundunoni da larduna, don bawa ba shi da dangin da zai jingina da su sai ubangidansa. Sabuktigin, mahaifin Sarki Mahmud na Ghazna, ta wannan hanya ya taso. Qutbuddin Aibak, wanda ya kafa sarautar Musulunci a Delhi a 1206, shi ma haka, kuma har yau littattafan makaranta na Urdu suna kiran zuri'ar sarautarsa Khandan-e-Ghulaman, wato gidan bayi. Wanda ya san abin da Shamaki da Ɗanrimi da Sallama suke a fadar Kano ta da, ba zai yi mamaki ba. Tsari ne da ke tafiya lafiya muddin sarki yana da ƙarfi, amma ranar da ya yi rauni, wanda ke riƙe da mabuɗan taska shi ke faɗin wanda zai hau.

Khan kuwa Bahaushe ya san shi daga finafinan Indiya kafin ya san shi daga labaran duniya, kuma mahaifin Shah Rukh Khan ma mutumin Peshawar ne, garin da Ghulam Ishaq Khan ya yi karatu a Kwalejin Islamia, ya karanta kimiyyar sinadarai da ta tsirrai, kuma garin da ya rasu. Asalin kalmar laƙabin sarauta ne na Turkawa da Mongol, irin na Genghis Khan. A hankali ta sauko daga sarakuna zuwa shugabannin ƙabilu, zuwa masu filaye, har ta zama abin da kusan kowane ɗa namiji a cikin Pashtun zai iya liƙawa a ƙarshen sunansa. Turawa ma sun yi ciniki da ita, suna naɗa Musulmin da suka yi musu hidima Khan Sahib, wanda ya fi shi kuma Khan Bahadur. Saboda haka Liaquat Ali Khan da Ayub Khan da Yahya Khan da Imran Khan ba dangin juna ba ne, kuma ba dangin Ghulam Ishaq ba ne.

An haife shi a watan Janairun 1915 a ƙauyen Ismail Khel na gundumar Bannu. Khel a Pashto zuri'a ce ko reshen ƙabila, don haka sunan ƙauyen yana nufin zuri'ar Isma'ila. Lardin kansa a lokacin ba shi da sunan kirki. Da Lord Curzon ya yanke shi daga Punjab a 1901, sai aka kira shi Lardin Iyaka na Arewa maso Yamma, wato an kwatanta inda yake idan ka tsaya a fadar Turawa, ba a faɗi ko su wa ke zaune a cikinsa ba. Jama'a sukan ce Sarhad kawai, ma'ana kan iyaka. Sai a 2010 aka sa masa suna Khyber Pakhtunkhwa, shekara huɗu bayan rasuwar mutumin da muke magana a kansa.

Ya shiga aikin gwamnati a 1940 ta ƙofar lardi, abin da ake kira PCS, kuma wannan ƙofa tana da muhimmanci ga fahimtar halinsa. Babbar ƙofa ita ce ICS, rukunin manyan jami'an mulkin Indiya, waɗanda yawansu bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba amma suke juya ɗaruruwan miliyoyin mutane. Tun tsakiyar shekarun 1850 ake shiga cikinsu ta jarrabawa a Landan, kuma a 1922 firaministan Birtaniya Lloyd George ya kira su ginshiƙin ƙarfen da ke riƙe da ginin mulkin Indiya. Ɗan PCS yana iya fin ɗan ICS sanin ƙasa da harshe da doka, amma a bayansa yake tsayawa, kuma muƙamin da wancan zai samu yana saurayi shi sai ya manyanta. Wanda ya shigo ta ƙaramar ƙofa ba shi da abin dogaro sai ya fi kowa sanin abin da ke cikin fayil, kuma shaidar da aka yi wa Ghulam Ishaq Khan ke nan har ƙarshen aikinsa: ya san ƙa'ida, ya san lissafi, ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba.

Kalmar Ingilishi da ake kiran irin waɗannan ma'aikata da ita, civil servant, a Indiya ta samo asali. Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin 'yan kasuwa da ya rikiɗe ya zama gwamnati, yana kiran dukkan ma'aikatansa barorin kamfani, sai ya raba su biyu, na soja da na farar hula. Tun daga tushe ke nan baran kamfani ake nufi, daga baya na Sarauniya, kuma ba a yi maganar talaka a cikin sunan ba. Urdu tana cewa sarkari mulazim. Sarkar Farisanci ne, shugaban aiki, ya zama sunan gwamnati. Mulazim Larabci ne, daga tushen da muka samo lazimta, wanda ya liƙe wa ubangida ba ya rabuwa da shi. Wurin aikinsa daftar, kalmar da mu muka riƙe a matsayin daftari, su kuma suka mayar da ita sunan ofis gaba ɗaya. Babban ma'aikaci afsar ne, kamar yadda kunnen Bahaushe ya ji officer ya ce hafsa. Akawu kuwa babu ake ce masa, kalmar girmamawa ta mutanen Bengal da ta sauko ta zama ta raini. Ba ta da wata alaƙa da tamu babu, sauti ne kawai ya zo ɗaya.

Zuciyar tsarin ita ce gunduma, zila a Urdu, daga Larabcin da ke nufin haƙarƙari ko gefe. A 1772 Warren Hastings ya ƙirƙiro muƙamin Collector a Bengal, kuma sunan bai ɓoye komai ba: mai tara haraji. Da Turawa suka ci Punjab a 1849, suka kira mai wannan kujera mataimakin kwamishina, DC a taƙaice, don akwai kwamishina a samansa mai kula da gundumomi da dama. Mutum ɗaya ne mai hula uku: shi ne shugaban haraji, shi ne babban majistare mai iko da 'yan sanda da hana taro, shi ne wakilin gwamnati a kowace harka. Talakan gunduma bai taɓa ganin kwamishinan ba, saboda haka wannan da aka kira mataimaki shi ne gwamnati a wajensa, DC Sahib. Sahib ɗin ma Larabci ne, aboki, tushen sahibi da sahabi a harshenmu, amma a Indiya ya koma ma'anar ranka ya daɗe. Dattawanmu da suka ga zamanin Di'o da Razdan sun ga reshen wannan bishiya, kuma ba haɗuwar banza ba ce: Lugard a Madras aka haife shi a 1858, a Indiya kuma ya fara aikin soja kafin ya zo Afirka.

A ƙasa da DC akwai tsani mai sunaye da kowannensu ke faɗin aikinsa. Tehsildar ya haɗa tahsil na Larabci, tattarawa, da dar na Farisanci, mai riƙo, kuma yana da na'ibi, naib tehsildar. Qanungo mai faɗin doka ne, daga ƙanun. Lambardar, mai unguwar da ke karɓar harajin ƙauye, rabin sunansa kalmar Ingilishi ce ta lamba, don an yi masa rajista da lamba. Chaprasi, masinja, ya samo sunansa daga tambarin tagulla da yake ratayawa. A can ƙasa sai patwari, wanda a wajen manomi ya fi su duka girma. Shi ne ke yawo da ƙunshin litattafai da taswirar gonaki da aka zana a kan ƙyalle, latha, wadda za a shimfiɗa a ƙasa a bakin gona, masu rigima su durƙusa a kanta suna bin layi da yatsa. Sau biyu a shekara yana zagaya gonaki ya rubuta abin da aka shuka, duk bayan shekara huɗu a sabunta babban littafin mallaka, jamabandi. Mai son sayar da gona ko karɓar bashin banki sai ya sami takardar fard daga hannunsa. Sauya sunan mai gona a littafi intiqal ake ce masa, kuma da kalmar nan ɗaya Urdu take faɗin rasuwar mutum, duka biyun ƙaura ce. A siyasar Pakistan ta yau patwari ya zama zagi da magoya bayan Imran Khan ke jifan magoya bayan gidan Sharif da shi, abin da ke nuna irin tabon da ofishin ya bari a zukata.

A yankunan ƙabilu da ke maƙwabtaka da Bannu kuwa sunan ya fi kowanne laushi, Political Agent, wakilin hulɗa, kamar jakada. Amma a ƙarƙashin dokar laifuffukan kan iyaka ta 1901 yana da ikon hukunta ƙabila gaba ɗaya saboda laifin mutum guda, ba tare da damar zuwa kotu ba. Wannan doka ta rayu har 2018. A cikin wannan makaranta Ghulam Ishaq Khan ya koyi abin da ake nufi da mulki, kuma ina ganin bai taɓa fita daga cikinta ba: jama'a amana ce da ake kula da ita, ba a tambayarta.

Da aka raba ƙasa a 1947, Musulmin ICS da suka zaɓi Pakistan ba su kai ɗari ba, ga sabuwar gwamnati a Karachi da ko kujeru da takardu ba ta da isassu. Duk mai ƙwazo sai ya yi sama da sauri. Ghulam Ishaq Khan ya zama sakataren harkokin cikin gida na lardinsa, da aka haɗe lardunan yamma wuri guda a 1955 ya koma Lahore kan harkar raya ƙasa da ban ruwa, sannan ya shiga hukumar ruwa da lantarki, WAPDA, wadda aka kafa a 1958, ya shugabance ta daga 1961 zuwa 1966. Lokacin ne na aiwatar da yarjejeniyar ruwan kogin Indus ta 1960, lokacin da ake gina madatsar Mangla, wadda aka gama a 1967. Wannan shi ne ɓangaren aikinsa da ba a cika jayayya a kansa ba. Sunan hukumar ma ya shiga harshe, har mutum yakan ce wapda yana nufin wutar gwamnati, yadda muke cewa nefa.

Daga nan sai kalmar sakatare ta mamaye rayuwarsa: sakataren kuɗi daga 1966 zuwa 1970, sakataren majalisar ministoci, gwamnan babban banki daga 1971 zuwa 1975, babban sakataren tsaro daga 1975 zuwa 1977. Asalin kalmar a Latin mai riƙe sirri ne, kuma fassarar Urdu ta hukuma, mu'tamad, tana nufin wanda aka dogara da shi. Minista yakan zo ya wuce, wani ma bai gama sanin ƙofofin ma'aikatarsa ba, sakatare kuwa shi ke rubuta taƙaitaccen bayanin da ministan zai karanta, shi ke jera zaɓin da za a sa a gabansa. Shugaba Ayub Khan ya dogara da Ghulam Ishaq, Shugaba Yahya Khan ya dogara da shi, Zulfikar Ali Bhutto, mahaifin Benazir, ya dogara da shi, kuma a zamanin Bhutto ya shiga cikin 'yan tsirarun da ke kula da shirin nukiliyar ƙasar. Da Janar Ziaul Haq ya kifar da Bhutto a ranar 5 ga Yulin 1977, sai ya ƙirƙiro masa muƙamin da ba a taɓa ji ba, babban sakatare na manyan sakatarori, ya ɗora shi a kan dukkan ma'aikatu, daga bisani ya ba shi ministan kuɗi har 1985. A wannan zamani aka kafa dokar zakka da ushiri ta 1980, mai cire kashi biyu da rabi cikin ɗari daga ajiyar banki a ranar farko ta Ramadan.

A tsakiyar wannan hawa ne aka yi babban yaƙin sunaye. Magadan ICS tun 1950 ana kiransu CSP, haruffa uku da suka zama kamar sarauta, har gidajen masu hali suna neman suruki mai su. 'Yan siyasa da 'yan jarida suka samo musu suna mai zafi: naukar shahi, daga naukar, bara, da shahi, sarauta, wato sarautar barori. Wasu sukan ce afsar shahi. Yahya Khan ya kori manyan jami'ai 303 a 1969, Bhutto ya kori kusan 1,300 a 1972, sannan a watan Agustan 1973 ya tsaya gaban al'umma ya caccaki naukar shahi, ya soke sunan CSP, ya cire kariyar da kundin mulki ya ba ma'aikata, ya zuba kowa a matakan albashi daga 1 zuwa 22. Masu mulkin gunduma suka koma DMG. Kusan lokaci guda Najeriya ta bi irin wannan hanya da matakan albashin Udoji a 1974 da wankin ma'aikata na Murtala a 1975.

Abin da gyaran ya haifar shi ne ma'aikaci mai tsoro. Da can yana iya ce wa minista a'a, ko da gaskiya ko da girman kai. Yanzu ana iya ɗauke shi a dare ɗaya a mayar da shi OSD, jami'i mai aiki na musamman, sunan da a aikace yake nufin ba shi da kujera, ba shi da fayil, sai albashi da zaman jira. Sashen da ke rarraba muƙamai da sauyin wurin aiki sunansa Establishment Division, kuma ita wannan kalma ta farko ta yi tafiya mai nisa: a Pakistan ta yau, idan ɗan jarida ya ce establishment, manyan soja da hukumomin leƙen asiri yake nufi, don faɗin sunansu kai tsaye yana da tsada. Ƙarfin da aka ƙwace daga hannun manyan ma'aikata bai tsaya a hannun majalisa ba, bariki ya tafi. Sunayen kuwa suka ci gaba da juyawa. Janar Musharraf ya soke muƙamin DC a 2001 ya kawo DCO ƙarƙashin zaɓaɓɓen shugaban gunduma, nazim, larduna suka dawo da DC ɗaya bayan ɗaya, a 2012 kuma DMG ta zama PAS, sunan da rukunin ya fara ɗauka kafin 1950. Patwari yana nan da lathansa duk tsawon wannan lokaci, ko da yake Punjab ta shigar da rajistar filaye cikin kwamfuta.

A 1985 Zia ya mayar da Ghulam Ishaq Khan shugaban majalisar dattawa, kujerar da ba ta da aiki mai yawa sai ranar da shugaban ƙasa ya mutu. Ranar ta zo a 17 ga Agustan 1988, lokacin da jirgin Zia ya faɗi kusa da Bahawalpur, ya hallaka shi tare da manyan hafsoshi da jakadan Amurka Arnold Raphel. Dattijo ɗan shekara 73 ya zama qaim maqam sadr, wanda ya tsaya a matsayin shugaba, muƙaddashi. A nan ya cancanci yabo ba tare da ragi ba: an yi zaɓe a watan Nuwamba kamar yadda aka tsara, an rantsar da Benazir Bhutto a ranar 2 ga Disamba, kuma cikin watan aka zaɓe shi cikakken shugaban ƙasa. Sadr a Larabci ƙirji ne, gaban abu, wurin zaman babba a majalisa. Firaminista kuma Wazir-e-Azam ne, babban waziri. Kundin 1973 ya so wazirin ya riƙe mulki, sadr ya zama na ado. Gyaran fuska na takwas da Zia ya yi a 1985 ya juya abin ta sashe na 58(2)(b), wanda ya ba shugaban ƙasa ikon rushe majalisa da ra'ayin kansa idan ya ga gwamnati ba ta tafiya bisa kundin mulki. 'Yan jarida suka riƙa kiran masu iko na gaske troika, mutum uku: shugaban ƙasa, firaminista, babban hafsan soja.

Mutane sukan ce wa Ghulam Ishaq Khan Baba, kalmar da a Urdu da Pashto take da ma'anar da take da ita a Hausa, uba ko dattijo. Masoya da girmamawa suke faɗinta. 'Yan jam'iyyar Benazir kuwa, da ya zo jawabi a zauren majalisa, da ita suka yi ta masa ihun Baba ya tafi. Suna da dalili. A ranar 6 ga Agustan 1990 ya rushe majalisa bisa zargin cin hanci da gazawa, ya naɗa gwamnatin riƙon ƙwarya, nigran, wato mai sa ido, ya ɗora jagoran 'yan adawa Ghulam Mustafa Jatoi a kanta. Mai sa ido a zaɓe ya kamata ya zama ɗan ba-ruwana, shi kuwa ɗan takara aka ɗauko. Nawaz Sharif ya ci zaɓen, ya fara maganar rage ikon shugaban ƙasa, sai shi ma aka kore shi a ranar 18 ga Afrilun 1993. A sabuwar gwamnatin riƙon, Baba da kansa ya rantsar da mijin Benazir, Asif Ali Zardari, minista, mutumin da aka ɗaure kan tuhume-tuhume bayan korar 1990. Kotun ƙoli, da alƙalai goma a kan ɗaya, ta mayar da Nawaz kan kujerarsa a ranar 26 ga Mayu. Rikicin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har babban hafsan soja, Janar Abdul Waheed Kakar, ya sa su biyun suka sauka a ranar 18 ga Yuli.

Ya koma Peshawar ya kama bakinsa, bai rubuta tarihin rayuwarsa ba, ya rasu a ranar 27 ga Oktoban 2006 yana da shekara 91. Sunansa ya rage a kan cibiyar koyar da injiniyanci da ya kafa a Topi, kusa da madatsar Tarbela, wadda ɗalibai ke kira GIKI, kuma tana cikin makarantun fasaha da ake ji da su a ƙasar. Hatta abokan gabarsa ba su cika zarginsa da tara dukiya ba, kuma ma'aikacin da ya riƙe baitulmali da babban banki ya fita da wannan shaida ya yi abin a yaba. Amma tsabtar hannu ba ta ba mutum izinin da ƙuri'a kaɗai ke bayarwa, kuma laifinsa a wajena shi ne ya ɗauki majalisar da miliyoyin mutane suka zaɓa kamar ƙaramin ma'aikacin da za a rubuta wa takardar sallama. A watan Oktoban 2012, a shari'ar da wani ɗan siyasa, Asghar Khan, ya shigar tun 1996, kotun ƙoli ta yanke cewa Ghulam Ishaq Khan da Janar Aslam Beg da Janar Asad Durrani sun saɓa wa kundin mulki ta hanyar tallafa wa wasu 'yan siyasa a zaɓen 1990, inda aka raba musu kuɗi. Shugaban da aka zaɓa bayansa, Farooq Leghari, shi ma tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ɗan CSP, kuma da sashe na 58(2)(b) ya kori Benazir a 1996 bayan ta sake hawa mulki. An soke sashen a 1997, Musharraf ya dawo da shi, sai gyaran fuska na 18 ya kawar da shi a watan Afrilun 2010, kuma tun daga lokacin babu shugaban ƙasar Pakistan da ke da ikon rushe majalisa da ra'ayin kansa.